Neman masu saye a kasuwar da kowa ya san kowa

Daga cikin ƙananan ayyukan da ake bayarwa ta intanet, waɗanda ɗalibanmu da matasanmu masu neman na kansu suka fara kutsawa ciki ta dandalin Upwork da Fiverr, akwai wani da ake yi wa kallon mai sauƙi: a nemo wa kamfani sunayen mutanen da ake kyautata zaton za su sayi hajarsa. Kamfanin yana can Amurka ko Jamus da manhajar da yake sayarwa, sai ya ɗauki wani ya tattaro masa sunaye da adireshin imel da wurin aikin kowane mutum, ya biya shi gwargwadon yawan abin da ya kawo. Neman bakin zaren ciniki ke nan. Dillanci ne dai irin wanda muka sani, illa iyaka wannan dillalin bai taɓa ganin fuskar mai kaya ba, balle ta mai saye.

A wannan mako ina so in tsaya a kan reshe guda na wannan aiki, wato lokacin da mutanen da ake nema maginan manhaja ne, kuma masu aiki da yaren da 'yan tsiraru kaɗai suka iya. Zan kafa misali da yaren Erlang da ƙanensa Elixir, domin da wuya a sami mai karanta wannan shafi da bai ci moriyarsu ba, ko da bai taɓa jin sunansu ba. Duk saƙon da mai karatu ya tura ta WhatsApp, manyan kwamfutocin da suka karɓe shi suka miƙa shi ga wanda aka aika wa, da Erlang aka gina manhajar da ke juya su.

An ƙirƙiro Erlang ne a shekarar 1986 a ɗakin binciken kimiyyar kwamfuta na kamfanin Ericsson da ke birnin Stockholm na ƙasar Suwidin. Mutum uku ne suka yi ɗawainiyarsa: Joe Armstrong da Robert Virding da Mike Williams. Damuwarsu ita ce na'urar da ke haɗa kiran waya, wadda ba ta da damar runtsawa. Dubban mutane suna magana a lokaci guda, idan kira ɗaya ya sami tangarɗa bai kamata ya ja sauran su yanke ba, kuma idan za a yi wa manhajar gyara, dole a yi shi tana tsakiyar aiki, tamkar a yi wa mutum aski yana cikin gudu. Don haka suka tsara yaren yadda zai kasa aiki ga ɗimbin ƙananan ma'aikata, kowanne a ɗakinsa, ba mai taɓa kayan wani sai dai su aika wa juna saƙo, wanda ya faɗi kuma akwai mai sa masa ido da zai tayar da sabo a madadinsa nan take.

Shekarar 1998 ce ta raba gardama. A cikinta ne Ericsson ya fitar da na'urar AXD301, wadda ke ɗauke da layi sama da miliyan ɗaya na rubutun Erlang, a cikinta ne kuma wani babban sashe na kamfanin ya hana amfani da yaren a sababbin ayyuka, saboda ya fi son yarukan da sauran duniya ke amfani da su. Kafin shekarar ta ƙare aka saki yaren kyauta ga kowa, Armstrong da wasu abokan aikinsa suka fice suka kafa ɗan kamfaninsu mai suna Bluetail. Na kawo wannan tarihi ne don mai karatu ya ga tushen jama'ar da muke magana a kai: daga gida ɗaya suka fito, kuma har yau manyansu sun san juna ido da ido. Daga baya wani ɗan ƙasar Brazil, José Valim, ya gina Elixir a kan injin Erlang ɗin, ya fito da shi a 2012, cikakkiyar sigarsa ta farko ta fita a 2014. Shi ne ya jawo matasa, ya faɗaɗa zuriyar, amma bai mai da ita birni ba.

To nawa ne su? A binciken shekara-shekara na dandalin Stack Overflow na 2024, wanda magina sama da dubu 60 suka amsa, fiye da kashi 60 cikin ɗari sun ce suna aiki da JavaScript. Masu Elixir kimanin kashi 2 ne, masu Erlang kuwa ba su cika kashi 1 ba. Hausawa na cewa mutane su ne kasuwa, ba tarin rumfuna ba, kuma idan da wannan mudu za a auna, kasuwar Erlang ta ƙauye ce mai ci sau ɗaya a mako. Sai dai a wannan binciken dai, da aka zo batun albashi, Erlang ne ya zo na ɗaya, Elixir na biye da shi. Ruwa ba ya tsami banza.

Lokacin da Facebook ya sanar da sayen WhatsApp a watan Fabrairun 2014 a kan dala biliyan 19, masu amfani da manhajar sun haura miliyan 450, injiniyoyin da ke riƙe da ita kuwa su 32 ne kacal. Tun a farkon 2012 kamfanin ya bayyana cewa kwamfutarsa guda ɗaya ta ɗauki haɗin wayoyi sama da miliyan biyu a lokaci guda. A shekarar 2014 ɗin ne kuma Cisco ya sayi Tail-f, wani kamfanin Stockholm da ya gina kayansa da Erlang, a kan kimanin dala miliyan 175. Klarna, kamfanin biyan kuɗi da aka kafa a Suwidin a 2005, da Erlang ya fara. Discord, inda miliyoyin matasa ke hira, ya bayyana a 2017 cewa da Elixir yake ɗaukar mutum miliyan biyar a lokaci guda.

A nan ne lissafin mai neman masu saye yake fara karkacewa. Babbar fa'idar wannan yare ita ce mutane kaɗan su ɗauki kaya mai nauyi. Ashe ƙarancin maginan ba alamar talaucin kasuwar ba ne, sakamakon ingancin yaren ne. Wanda ke sayar da kayan da ake biya bisa kan kowane ma'aikaci, da ya shiga WhatsApp a 2014 kai 32 kawai zai ƙirga. Wanda ke sayar da kayan da ke hana manhaja tsayawa kuwa, a gidan nan dai zai tarar da mutanen da tsayawar minti goma ke iya jefa su cikin labaran duniya, kuma irin waɗannan ba sa dogon tayi. Kafin a tambayi sunaye nawa za a samo, kamata ya yi a fara tambayar mai kaya da wane mudu yake sayarwa.

Amma ba haka akasarin masu ba da aikin ke yi ba. A ce an turo wa matashi saƙo: samo mana adireshin imel na maginan Elixir dubu biyar. Hanyar a buɗe take, kuma sauƙinta ne tarkonta. Magina na ajiye ayyukansu a GitHub, dandalin da Microsoft ya saya a 2018 a kan dala biliyan bakwai da rabi, kuma tsarin Git da ake adana gyare-gyare da shi yana manna suna da imel ɗin marubuci a jikin kowane gyara, sai fa wanda ya zaɓi ya ɓoye nasa. Da 'yar ƙaramar manhaja, a dare ɗaya mutum zai kwashi dubbai. Tambayar ita ce, su wa ya kwaso? A ciki akwai ɗalibin da ya gwada yaren a hutun ƙarshen mako shekara huɗu da suka wuce bai sake waiwayarsa ba, da malamin jami'a, da wanda ya gyara kuskuren harafi ɗaya a takardar bayani, da wanda tuni ya koma wani yaren. Injiniyoyin da ke riƙe da manhajar banki ko ta kamfanin sadarwa, waɗanda su ne ke kusa da kuɗin, aikinsu na yau da kullum a rufe yake, ba ya fitowa fili. Taru ne da ke kama 'yan ƙananan kifaye na bakin gaɓa, manyan suna can ƙasan ruwa.

Ko da an dace da injiniya na gaske, ba shi ke riƙe da lalitar ba. Shugaban sashe ne ko mai kula da kasafi ke sa hannu. Abin da injiniya ke da shi ikon cewa a'a ne, kuma a'arsa ba ta tashi, domin babu shugaban da zai sayi kayan aikin da masu aikin suka ce ba sa so. Wato wanda ya cika wa magini akwati da wasiƙun tallan da bai nema ba, mai gadin ƙofar ya fara ɓata wa rai tun bai yi sallama da mai gida ba.

Sai kuma ƙanƙantar jama'ar, wadda a ganina ita ce ta fi komai muhimmanci. Idan ka aika wasiƙa iri ɗaya ga maginan JavaScript dubu biyar, ɗigo ne a cikin kogi. Gobe ka nemi wasu dubu biyar da ba su taɓa jin labarinka ba. A Elixir da Erlang, dubu biyar ɗin nan yanki ne babba na duk waɗanda ake ji da su. Su ne ke haɗuwa a taron ElixirConf da na Code BEAM, su ne ke duba aikin juna, wannan ya taɓa aiki a ƙarƙashin wancan, wancan ya koyar da wannan. Mutum ɗaya ya ɗauki hoton wasiƙar ya nuna wa 'yan uwansa, uku su ce su ma sun samu, kafin magariba an san sunan kamfanin da irin halinsa. Mai jifa a kasuwa bai san kan wa zai faɗa ba, a wannan kasuwar kuwa duk wanda dutsen ya samu ɗan dangi ne. Kuma babu wata kasuwar ta biyu da za a kwashe kaya a koma.

Ban da haka akwai doka. Ƙa'idojin GitHub sun fito ƙarara sun hana amfani da bayanan da aka kwasa daga dandalin wajen aika wasiƙun da ba a nema ba, ko sayar da su ga masu farautar ma'aikata. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018, tana hawa kan kamfanin da ke wajen Turai muddin mazauna Turai yake tallata wa kaya, tararta kuma tana iya kai wa Yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin ɗari na cinikin kamfani na shekara a duk duniya, duk wanda ya fi yawa. Dokar ba ta haramta kowace wasiƙar talla ba, amma ta wajabta a kasance da hujjar riƙe bayanan mutum, a gaya masa inda aka samo su, a kuma daina damunsa idan ya ce a daina. Ga shi kuwa yaren da aka haifa a Stockholm, maginansa da yawa a Turai suke. Mu ma nan Najeriya muna da dokar kare bayanai ta 2023 da hukumar da ke kula da ita, don haka matashin da ke zaune a Kano ko Zariya yana kwasar adireshin mutane kada ya ɗauka nisa ya raba shi da alhaki.

To ina bakin zaren yake? Ni dai inda na fi ganin sa shi ne tallan neman ma'aikata. Kamfanin da ya buga cewa yana neman injiniyoyin Elixir uku, da bakinsa ya faɗi abubuwan da dillali ke son sani: yaren yana cikin aikin da ke kawo masa kuɗi, yana da abin biyan albashi mafi tsada a fagen, kuma hannayen da yake da su sun yi masa kaɗan. Sau da yawa tallan kan lissafa sauran kayan aikin da gidan ke amfani da su, har da sunan sashen da ke neman mutanen. Idan kuwa tallan ya yi wata huɗu yana rataye, to ba a sami mutanen ba ke nan, kuma mai sayar da horo ko mai ba da hayar ƙwararru ya sami ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Duk wannan bayani ne da kamfani ya fitar da kansa don a gani, ba na wani mutum da aka ɗauko ta bayan gida ba.

Bayan wannan sai laccocin da ake gabatarwa a tarukansu, waɗanda akasarinsu ana ɗora bidiyonsu kyauta a YouTube. Injiniya kan tsaya minti arba'in yana bayanin yadda manhajar kamfaninsu ta shaƙe da yadda suka yi fama da ita. Wanda ya saurara da kunnen ɗan kasuwa zai ji inda ke yi musu ƙaiƙayi. Shafin Elixir na hukuma yana buga labaran kamfanonin da ke amfani da yaren, gidauniyar Erlang Ecosystem Foundation da aka kafa a 2019 tana bayyana masu tallafa mata, kowane taro kuma yana jera sunayen waɗanda suka ɗauki nauyinsa.

Akwai wani rukunin masu saye da babu jerin sunayen magina da zai taɓa nuna su. RabbitMQ manhaja ce da ke kai saƙo tsakanin sassan manyan tsare-tsaren kwamfuta, an rubuta ta da Erlang, ta fito a 2007, kuma kamfanoni da yawa sun ɗora aikinsu a kanta alhali babu ko mutum ɗaya a gidan da ya iya yaren. Ranar da ta ƙi tafiya da tsakar dare, waɗannan su ne mafi buƙatar taimako, su ne kuma mafi saurin buɗe lalita. Kamfanin 84codes na Suwidin ya gina kasuwancinsa na CloudAMQP a kan wannan buƙata, yana riƙe wa mutane RabbitMQ suna biyan haya.

Idan muka dubi waɗanda suka daɗe suna cin abinci a wannan kasuwa, za mu ga hanyarsu ta yi kama da juna. Francesco Cesarini ya kafa kamfanin da ake kira Erlang Solutions a 1999, yana sayar da horo da shawara. Shi da Simon Thompson suka rubuta littafin koyon yaren da ya fito a 2009, kamfaninsa kuma shi ke shirya tarukan Code BEAM, wato rumfar da kowa ke zama a ƙarƙashinta tasa ce. José Valim yana da Dashbit, inda kamfanoni ke biyan kuɗi a kai a kai don samun shawarar waɗanda suka gina yaren. Fly.io, mai ba da hayar wurin ɗora manhaja, a 2021 ya ɗauki Chris McCord, wanda ya ƙirƙiro Phoenix, ginshiƙin gina shafukan intanet da Elixir, yana biyan sa albashi ya ci gaba da aikin da jama'a ke amfana da shi kyauta. Masu Oban, manhajar jera ayyuka, sun saki tushenta kyauta, sai wanda aikinsa ya girma ya zo da ƙafarsa ya sayi ƙarin da ake biya. Wani zai ce ai wannan ma talla ce, an dai yi mata lulluɓi. Haka ne, talla ce. Bambancin shi ne kuɗin tallan ya tafi ga aikin da mai saye da wanda bai saya ba duk suka ci moriyarsa, kuma jama'ar suna gani.

Kada kuma a ɗauka farin jini a ƙaramar kasuwa shi kaɗai ya isa. Basho, kamfanin Amurka da ya gina rumbun adana bayanai na Riak da Erlang, yana da ƙima sosai a idon maginan yaren, amma masu sayen rumbun bayanai ba su damu da yaren da aka rubuta shi ba, kuma a can yana gogayya ne da irin su MongoDB da Cassandra da Amazon. A 2017 ya durƙushe, kamfanin caca na bet365 da ke Ingila, wanda ke cikin masu amfani da Riak, ya sayi abin da ya rage. Wannan ma abin lura ne ga matasanmu: gidajen caca na cikin masu amfani da Erlang, saboda su ma dubban mutane ke rububin shiga a lokaci guda, don haka yana da kyau mutum ya san wa yake yi wa dillanci kafin ya karɓi la'ada.

Shawarata ga wanda aka ba irin wannan aiki ita ce ya mayar da tayi. Maimakon sunaye dubu biyar, ya ce zai kawo kamfanoni arba'in, kowanne da hujjarsa a gefe: ga tallan neman ma'aikata da ranar da aka buga shi, ga laccar da injiniyansu ya yi da matsalar da ya ambata, ga muƙamin wanda ya kamata a tuntuɓa ta adireshin da kamfanin ya bayar da kansa. Aikin ya fi wuya, yana buƙatar karatu da sauraro da fahimtar abin da ake sayarwa, kuma na san wasu masu ba da aikin za su ƙi, domin su yawa suke so su nuna wa na sama da su. Amma jerin dubu biyar sau ɗaya ake sayen sa, kuma kowa na iya kwaso irinsa da araha. Jerin arba'in kuwa yana tsufa duk bayan 'yan watanni, wani tallan ya sauka wani ya hau, dole a dawo wurin wanda ya san kan abin.

Wani zai raina arba'in ɗin. Bari in ɗauko misali daga wani yaren na 'yan tsiraru, wato Clojure, wanda Rich Hickey ya fitar a 2007. A da, kamfanin Cognitect ne ke kula da yaren, yana kuma sayar da rumbun bayanai mai suna Datomic. A 2013 wasu mutum uku, David Vélez da Cristina Junqueira da Edward Wible, suka kafa wani ɗan kamfanin katin bashi a wani ƙaramin gida a birnin São Paulo na Brazil, suka zaɓi Clojure da Datomic su gina shi a kai. A wancan lokaci layi ɗaya ne kawai a takardar duk wani mai neman masu saye, idan ma ya shiga. Sunansa Nubank. A watan Yulin 2020 ya sayi Cognitect ɗin ɗungurungum, a 2024 kuma abokan hulɗarsa suka haura miliyan 100.